Goran Irin Baba Tsoho

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Tsoho, mahaifin mahaifina, ya rasu wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Daura zuwa Zango. Bai yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, aka yi aka yi da shi a tafi asibiti ya ƙi, ya ce shi da aka yi kwaltar garin nan a kan idonsa ba zai je ya mutu a gadon ƙarfe ba. Kafin motar da na shigo daga Katsina ta sauke ni a bakin titi, har an kai shi makwancinsa an dawo. Ban samu ganin fuskarsa ba.

Gidan ya cika maƙil, kowa ya shigo da abin da zai faɗa. Liman ya ce tun da aka ba shi limanci bai taɓa waiwayawa da asuba ya rasa tsohon nan a sahun farko ba. Dillalan kayan gwari sun zo daga kasuwar Daura a kan babura, babbansu ya ce kwandon Baba Tsoho ne kaɗai ba sa zazzagewa su duba ƙasansa, don abin da ke sama shi ne a ƙasa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta zauna bakin ƙofa tana tambayar duk wanda ya gifta wa zai riƙa aiko mata da kayan miya yanzu. Gwaggo kuwa, babbar 'yarsa, ko hawaye ba ta yi ba. Ta rafka tagumi a kan tabarma, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, da safen nan fa ya ce a dama masa kunu, aka dama bai sha ba. A zaure kuma Baffa, ƙanen mahaifina, suna ta sa-in-sa a hankali da babban ɗansa, wanda ya yi karatun addini a birni. Ɗan ya ce ɗora tukunya a gidan makoki ba sunna ba ce, maƙwabta ne ya kamata su kawo. Baffa ya ce ya ji, amma ga baƙi har daga Nijar, kwanon maƙwabta nawa zai ishe su? Aka ɗora tukunya.

Mutum ɗaya ne a gidan nan bai san abin da aka yi rashi ba, kuma ni ce. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Baba Tsoho ya bar gona, ya bar lambu, ya bar jikoki sun fi a ƙirga da yatsu, amma abin da ya fi ji da shi a duniya wani ɗan gora ne da ke rataye a bangon ɗakinsa, cike da irin attarugu. Washegarin rasuwarsa, ni da hannuna na sauko da goran nan na miƙa aka daka.

Ga yadda aka yi. Ana haɗa miyar kuka ta mutum wajen ɗari, sai matar Baffa ta ce kayan yaji sun ƙare, ga shi ranar ba kasuwa. Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya a gidan mutuwa, gara a ba ni aiki. Na shiga ɗakin marigayi neman ƙarin tabarmi, idona ya kai kan goran, bakinsa toshe da totuwar masara. Na girgiza na ji kacau-kacau. Na buɗe, ƙamshi ya doki hancina, na ga busasshen attarugu ne jawur, duk ya yi butu-butu da toka. Har a raina na ce tsoho da ajiye-ajiyen tarkace, dubi yadda ya bar abu ya yi ƙura. Na zazzage a faifai, na bushe tokar, na kai wa masu daka ina jin kaina wata gwana. Matan da ke bakin turmi maƙwabta ne da surukan gida, ba wadda ta tambaye ni inda na samo. Na mayar da goran na rataye yadda na same shi.

Kuma abin kunyar, duk zuriyar nan babu wanda ya yi maganar attarugu da Baba Tsoho kamar ni. Faɗanmu da shi tun ina 'yar firamare. Wasan kaka da jika ne: shi yana kirana Uwargida, ni ina kiransa tsohon mijina marowaci. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar yana cewa a ɗauko masa kwandon attarugu, na tsaya na riƙe ƙugu na ce masa ba haka ake faɗa ba, attaruhu ne, haka aka rubuta a littafi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Shi mai littafin, tushe nawa ya dasa?"

Daga ranar muka buɗe shari'ar da ba a taɓa yanke ta ba. Gwaggo ta ce mu duka ɓata bakinmu muke yi, tarugu ne kawai, ba wani atta. Matar Baffa kuwa attarubu take cewa, ba wanda ya san inda ta samo shi, in ta faɗa sai Baba Tsoho ya toshe kunne ya ce a fitar masa da ita daga gida. Da na girma na zama malamar Hausa a Katsina, abin ya ƙara tsami. Na taɓa gaya masa cewa duk ɗalibin da ya rubuta mini attarugu sai na ja masa jan biro. Wallahi sai da ya ajiye ludayin furarsa. Ya ce na zalunci 'ya'yan mutane, in koma in nemi yafiyarsu tun ina da rai.

Da waya ta zo hannun kowa, na gano ashe ba mu kaɗai ba ne. Mutane can suna ta musu a kan kalmar nan, wannan ya ce daga Larabci ta fito, wancan ya ce ƙarya ne, wani ya ce na garinsu ne Hausar asali, sauran duk gurɓatacciya ce, har da zage-zage. In na zo hutu sai in zauna gefen tabarmarsa in karanta masa. Yana son abin ƙwarai, kada ma ku ce ba ya so. Yakan ce in maimaita masa na wancan mai zafin kan, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma ƙarshen hirar kullum ɗaya ne. Sai ya ce shi dai abin da ya sani, attarugu wanda ya ba shi ruwa shi yake amsa wa, ko da wane suna ya kira shi. Sannan ya ce, "Uwargida, gobe ki biyo ni lambu in nuna miki shi a gidansu." Ni kuma in ce rana, in ce laka, in ce takalmina. Shekara da shekaru yana gayyatata, ban taɓa zuwa ba ko sau ɗaya.

Saboda haka duk abin da zan faɗa game da aikinsa, bayan rasuwarsa na ji shi, daga bakin Gwaggo da Baffa. Irin nan na mahaifiyarsa ne, daga gidansu ta zo da shi. Ƙanana ne, masu tamoji, ba su da kyan gani a kwando. Amma guda biyu sun ishi tukunya, kuma ƙamshinsu yana riga yajinsu isowa, sai mutum ya haɗiye loma sannan zufa ta karyo masa. Idan lambu ya fara nuna da rani, Baba Tsoho yakan yayyaga tsohon rawaninsa ya cusa a aljihu, ya bi tushe-tushe yana duƙawa. Ya juya ganye, ya murza, ya shinshina. Cikin lambu guda bai fi ya ɗaura wa tushe bakwai ko takwas tsumma ba, kuma ba lallai waɗanda suka fi 'ya'ya ba. Baffa ya ce ya sha tambayarsa me yake dubawa, sai ya ce masa ya dai riƙa kallo. Tushen da aka ɗaura wa tsumma ya haramta ga kowa, ko da tukunya na kan wuta ba yaji. Sai sun nuna sun yi laushi yake tsinka da kansa, ya shanya a inuwa, ba a bakin kwalta yadda ake yi yanzu ba, sannan ya zuba a gora da toka don kada ƙwari su ci. Tokar da na bushe ke nan.

Idan damina ta ja baya, lokacin yayyafa iri ya yi, sai manoman fadama su riƙa zuwa zaurensa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ƙulla masa kaɗan a takarda. Bai taɓa sayarwa ba, ya ce uwarsa ba saye ta yi ba. Kuma bai taɓa ba mutum ba tare da ya yi masa faɗa ba: kada ka dasa shi kusa da tattasai, kada ka dasa shi kusa da irin gwangwani na kanti, in ka yi haka zai auri baƙo, 'ya'yansa su fito ba su san kowa ba.

A kan wannan ne ya yi faɗan da ya fi kowane tsawo a rayuwarsa, da amininsa na ƙuruciya, wanda muke kira Baba na Zango. Tare suka yi karatun allo, tare suka fara ban ruwa da jigo tun kafin zuwan inji. Wata shekara Baba na Zango ya dasa irin a jikin wani baƙon attarugu mai manyan 'ya'ya da aka kawo daga kudu, ya ɗebi iri daga ciki, ya riƙa ba mutane yana cewa na amininsa ne. Aka shuka ya fito fankam-fankam, ba ƙamshi. Labari ya zo kunnen Baba Tsoho. Ya hau kekensa har Zango, ya tsaya a ƙofar gida bai ko sauka ba, ya ce masa ya ɓata wa uwarsa suna, ya juya. Shekara uku ba sa ga-maciji. In suka haɗu a jana'iza, sai dai kowa ya gaishe da na kusa da ɗan'uwansa. Ranar da kakarmu ta rasu ne Baba na Zango ya zo ya zauna kusa da shi har aka watse, daga nan aka ci gaba da zumunci kamar ba a yi ba. Taurin kai dai Baba Tsoho yana da shi, ba zan rufa masa ba don ya mutu. Bai taɓa cewa ya yi zafi da yawa ba.

Amma mutumin nan da ya yi gaba da amininsa a kan iri, shi ne kuma ya yi abin da har yau ake labari a garinmu. A shekarun da aka fara shari'a, lokacin kowa jininsa na tafasa, samari suka kama wani magidanci a lambun Baba Tsoho ranar Juma'a, mutane na masallaci, ya cika rabin buhu da attarugu. Suka taso shi gaba har ƙofar gida, suna cewa sai gaban alƙali. A lokacin kuwa ba abin da ake faɗa sai yanke hannu. Baba Tsoho ya fito, bai ko dubi buhun ba, ya tambaye shi abu ɗaya: ya taɓa masu tsumma? Mutumin ya rantse bai taɓa ba, ya ce ya ga tsumman ya kauce musu. Baba Tsoho ya juya ga samarin ya ce su sake shi, wanda ya san a bar iri ba ɓarawo ba ne, yunwa ce, kuma abin da ke buhun ya ba shi halak malak. Samarin suka tafi suna gunaguni. Da damina ta wuce, mutumin yana cikin waɗanda aka ƙulla wa iri a takarda.

To, ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, manoman fadama ba su tashi tare da jama'a ba. Suka matsa kusa da Baffa, babbansu ya ce sun san ba lokacin maganar ba ne, amma ƙasa ba ta jira, nan da 'yan kwanaki za a yayyafa. Baffa ya ce ai wannan wasiyya ce ko ba a faɗa ba. Ya leƙo cikin gida ya ce wa Gwaggo ta ɗauko goran.

Ina tsakar gida ina wanke kwanuka na ji an ambaci goran. Gwaggo ta shiga ɗakin, ta fito da goran a hannu tana girgiza shi kusa da kunnenta. Shiru. Na tashi hannuna duk kumfa na je gabanta na durƙusa, na ce ni ce, shi ne a miyar shekaranjiya.

Ta ce, "Duka?"

Na ce duka.

Na so ta zage ni, ko ta ɗauke ni da mari, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta zauna a bakin turmi, ta ɗora goran a cinya, ta ce, "Ke da kika fi kowa sanin sunansa." A nan ne ta fara kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata.

Ba inda ban duba ba. An wanke turmin, an share wurin daka, abin da ya zuba kaji sun tsince. Lambun kuwa tun farkon damina aka tuge tsofaffin tushe aka sa masara. Na ƙi komawa Katsina, na bi gidajen manoman nan ɗaya bayan ɗaya, ni da ban san hanyar fadama ba. Amsar kowa iri ɗaya ce: ai a wurinsa muke karɓa duk shekara, me zai sa mu ajiye? Na rani an sayar, an cinye. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta fito mini da wata ƙwarya ta busasshe, na ji kamar in rungume ta, sai ta ce amma fa ta haɗa da na kasuwa, ita ma ba za ta iya rabewa ba. Baffa ya jujjuya su a tafin hannu ya girgiza kai. Shi ne ya ce in akwai wanda zai ɓoye ko ƙwaya goma, Baba na Zango ne.

Na hau ɗan acaɓa da safe na tafi. Na same shi a zaure a kan buzu, ido ya yi rauni, sai da na faɗi sunan mahaifina ya gane ni. Ya ce, a'a, Uwargidan marigayi ce da kanta, ya takaba? Na yi ƙoƙarin dariya ta ƙi fitowa. Na gaishe shi, na sake yi masa gaisuwar rashi, sannan na faɗa masa abin da na yi da abin da ya kawo ni, ban rage komai ba.

Ya ce ba shi da shi. Tun da suka shirya bai sake ajiye iri ba, duk shekara sai ya je da ƙafarsa ya karɓa, ya sha faɗa ya dawo. Ya ce, "Da na ajiye, me zai riƙa kai ni wurinsa?"

Na sunkuyar da kai. Shi ke nan, ƙarshen inda zan nema ke nan. Ina shirin yi masa sallama sai ya ce in zauna, ai shi tun ranar Laraba ya sani.

Ya ce yana zauren gidanmu aka kawo tuwo, ya sa loma ta farko ya gane shi. Ya san ba lokacinsa ba ne, ya san ba ko tushe ɗaya a lambu, to daga ina zai fito in ba daga goran ba? Na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?" Ya ce maganar me, an riga an daka. Ya ce ya ɗaga kai ya dubi zauren, ga manoman fadama, ga dillalai, ga liman, ga baƙin Nijar, kowa na sharce zufa yana kai loma, ba wanda ya san abin da yake ci. Shi kaɗai ya sani. Ya rasa abin da zai yi, sai ya miƙa kwano ya ce a ƙaro masa miya. Ya cinye, ya suɗe kwanon da yatsa, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

Ya ce, "Ban ce kin kyauta ba, 'yar nan. Ba ki kyauta ba. Amma shekara sittin yana raba shi da ɗan yatsa, kowa ƙwaya-ƙwaya. Ranar nan dai kowa ya ci ya ƙoshi."

Can ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Ke fa, kin samu kin ci?"

Ban ci ba. Ranar ina ta kai da kawowa da kwanuka, ina ba da umarni, kafin in zauna tukunya ta ƙare, na jiƙa gari na sha. Na faɗa masa haka. Sai ya ce, "Kayya." Ban iya tashi ba sai da aka kira azahar.

Ya Allah, ga Baba Tsoho nan ya zo gare Ka. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da kowace ƙwaya da ya ƙulla wa wani a takarda. Wanda duk ya ci tuwon gidanmu ranar Larabar nan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini ya yafe mini, don na zo a makare ban samu na roƙe shi da bakina ba.